Tambaya kan Omprakash Valmiki: me ya sa cin kingin abinci ya zama wulaƙanci a wurinsu?

Ɗalibar Adabi, Dundaye:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, an raba mana aikin nazarin littattafan da marubuta suka ba da tarihin kansu a ciki, sai rabona ya faɗa kan wani marubucin harshen Hindi mai suna Omprakash Valmiki, mai littafin Joothan. Na kai rabin fassarar Turanci, amma sunan littafin kansa ya ɗaure mini kai, domin an ce ma'anarsa kingin abincin da mutum ya ci ya rage. Mu a nan Sakkwato yaro yana cin kingin mahaifinsa yana murna, almajirai suna rububin sauran abincin malaminsu don neman albarka, kuma ban taɓa jin an kira wannan cin mutunci ba. To, me ya sa shi ya mai da kingi sunan dukan rayuwarsa? Sannan daidai ne in rubuta cewa matsalarsu irin maganar asali ce da ake yi a nan wajen neman aure?

Malamin Tarihi, Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Kingin da kika sani da wanda ya sani sunansu kawai ya zo ɗaya. A wurinmu uba yana rage wa ɗansa abinci ne don ƙauna, gobe kuma zai iya sa hannu a kwanon yaron ba tare da wani ya ɗaga ido ba. A al'adar da Valmiki ya tashi cikinta, abincin da bakin wani ya taɓa ƙazanta ne, babu wanda zai miƙa wa tsaransa shi, sai wanda ake ganin shi kansa ƙazantar ce.

An haife shi ranar 30 ga Yuni, 1950, a ƙauyen Barla da ke gundumar Muzaffarnagar ta jihar Uttar Pradesh, cikin zuriyar Chuhra, waɗanda gadonsu shi ne shara da kwashe kashin shanu da janye mushe. Ki lura da shekarar, domin a watan Janairunta ne kundin tsarin mulkin Indiya ya fara aiki, wanda Dokta Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya shugabanci kwamitin rubuta shi, kuma sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓa wani mutum saboda haihuwarsa. Ke nan a takarda an haife shi ɗa kamar kowa, amma a Barla masu gonaki 'yan zuriyar Tyagi ba su san an yi wannan doka ba, ko kuma sun sani sun toshe kunne. Mutanensa suna yi musu bauta shekara ta zagayo, ladansu ɗan hatsi ne lokacin girbi da kuma wannan kingi. Idan ana biki sai su zauna a waje da manyan kwanduna, baƙi su gama ci, a juye musu abin da ya rage a ganyen da aka ci abinci a kai. Gutsattsarin gurasar sai su shanya a rana, su adana don damina, su jiƙa su dafa, kamar yadda ake yi da ƙanzo a nan, sai dai ƙanzonmu daga gindin tukunyar gida yake fitowa, nasu kuwa daga bakin wasu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar auren ɗiyar wani mai gona, inda mahaifiyarsa, bayan ta yi wa gidan wahala, ta roƙi a zuba wa yaranta abinci mai kyau. Mai gidan ya nuna mata kwandon kingi, ya ce ta san matsayinta. Sai ta kifar da kwandon a gabansa, ta ja yaranta, kuma ba ta sake taka ƙofarsa ba. A makaranta ma shugaban makarantar ya hana shi shiga aji, ya sa shi sharar fili kwana da kwanaki, har sai da mahaifinsa ya biyo ta wurin ya gan shi, ya fizge tsintsiyar ya yi jifa da ita. Saboda haka idan za ki yi sharhi, kada ki tsaya ga cin kingin kaɗai, ki dubi ranar da aka ƙi karɓarsa.

Sauran rayuwarsa a taƙaice: ya tafi Dehradun, a can ya fara karanta tarihin Ambedkar, ya samu aiki a masana'antar makamai ta gwamnati, aikin ya kai shi jihar Maharashtra daidai lokacin da ƙungiyar Dalit Panthers ta 'yan Dalit (wato zuriyoyin da ake ƙyamar taɓawa, irin tasa), wadda aka kafa a 1972, take tashe, ya sha daga rubuce-rubucen 'yan Dalit na harshen Marathi. Littafin ya fito a 1997, Arun Prabha Mukherjee ta fassara shi zuwa Turanci a 2003, shi kuma ya rasu a Dehradun ranar 17 ga Nuwamba, 2013.

Mai Kantin Magani, Mabera:
Allah shi gafarta Malam, ka warware zare da abawa. Ƙanwata, ni a arewacin Indiya na yi karatun haɗa magunguna, kuma na tafi ne da tunanin da finafinan Indiya suka cusa mana tun muna yara, cewa rigimarsu ba ta wuce ta mai kuɗi da talaka ba. Abin da na fara lura da shi shi ne, idan biyu daga cikinsu suka haɗu, ba a gamsuwa da sunan yanka, sai an nemi jin sunan zuriya, domin shi ne yake faɗin asalin mutum. Wani abokin karatuna bai taɓa faɗin nasa ba sai da muka shekara biyu a ɗaki ɗaya. Wannan ne zai sa ki gane nauyin abin da marubucin ya yi na riƙe sunan Valmiki, wanda a yankinsu kowa ya ji ya san zuriyar masu shara ce, alhali danginsa sun matsa masa ya sauya don kada ya tona musu asiri. Ya ba da labarin yadda mutane ke sakin jiki da shi a jirgin ƙasa, ana hira ana dariya, da an ji asalinsa sai hirar ta mutu.

Akwai kuma abin da ba zai yi mana daɗin ji ba, amma yana cikin littafin: ya ce Musulmin da ke cikin zuriyar masu gonakin ƙauyensu ba su bambanta da 'yan Hindu ba wajen wulaƙanta su. Har yau Musulmin Indiya na ƙasa-ƙasa suna da gwagwarmayarsu da suke kira Pasmanda. Doka kam akwai ta, akwai ta 1989 mai hukunta cin zarafin 'yan Dalit, akwai ta 2013 mai hana sa mutum kwasar bayan gida da hannu, amma ƙidayar 2011 ta nuna 'yan Dalit sun haura miliyan 200, kuma masu shiga cikin magudanar ƙazanta a biranen da na gani kusan duk daga cikinsu suke.

Hajiya, tsohuwar malamar makaranta, Ƙofar Atiku:
Malam ya amsa tambaya ta farko, ya bar ta biyu, ni kuwa ita ce ta taɓa ni. Shekarun baya wani yaro da na koyar, mai ladabi da karatun addini da na boko, ya nemi ɗiyar wasu danginmu. An yi bincike ba a samu aibu ko ɗaya a jikinsa ba, sai aka ce kakansa mahauci ne, maganar ta mutu a nan. Waɗanda suka hana ɗin kullum naman gidan su yaron suke ci. Haka ake yi wa wanzamai da maƙera da maroƙa, balle a ce an gano wani tsohon tarihin bauta a zuriyar mutum. Muna karanta aya ta 13 a Suratul Hujurati cewa mafificinmu a wurin Allah shi ne wanda ya fi taƙawa, amma ranar neman aure sai mu ajiye ta mu ɗauko salsala. Don haka ni ban ga laifin yarinyar nan ba idan ta kwatanta.

Malamin Tarihi, Runjin Sambo:
Hajiya, Allah shi ƙara girma, ban musa ko kalma ɗaya ba, kuma da gangan na jinkirta don ina tsoron a yi wa ɗayan biyun rashin adalci. Kwatanci ya halatta, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Mahaucin da aka hana aure yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da basarake a sahun Masallacin Shehu, yana sha a randar da kowa ke sha, ɗansa yana iya zama limami a bi shi salla. Valmiki kuwa a makaranta ba ya da ikon taɓa famfo, sai ya jira wani ya zuba masa ruwa a tafin hannu. Idan ta ce abu ɗaya ne ta rage masa zafin abin da ya gani, idan kuma ta ce ba su da alaƙa ta wanke mu daga laifin da Hajiya ta faɗa. Valmiki kansa mai tsanani ne a kan wa ya cancanci ba da labarin wa, har ya soki gajeren labarin Premchand mai suna Kafan kan yadda ya siffanta 'yan Dalit, duk da girman Premchand a adabin Hindi. Ɗiyata, ki ware babi guda ga aure kaɗai, domin nan ne wurin da al'adun biyu suka fi kusa.

Ɗalibar Adabi, Dundaye:
Na gode, Allah shi saka da alheri. Zan ƙarasa littafin kafin in fara rubutu. Hajiya, idan kin yarda zan sa labarin yaron nan a babin auren ba tare da suna ko unguwa ba. Yaya na Mabera, shin abokin naka ya gaya maka dalilin da ya sa ya yarda ya faɗa maka sunan bayan shekara biyu?