Halwar lura: sunan da ya dace da zaman keɓewar mabiya Buddha

Jama'a masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo, ga wata kalma da nake so mu tsayar da magana a kanta. Idan labari ya zo daga Indiya ko Bama ko Tailan a kan abin da Turawa ke kira meditation retreat na mabiya addinin Buddha, me za mu ce da Hausa? Abin da aka fi ji shi ne "taron zuzzurfan tunani". Ni ban gamsu da shi ba. Shawarata ita ce mu riƙa cewa halwar lura. Ku biyo ni ku ji dalili.

Mu fara duba abin kansa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya shi ne zaman kwana 10 na vipassana, wato gani ƙarara, a tsarin S.N. Goenka. Ɗan kasuwa ne ɗan asalin Indiya da aka haifa a Mandalay ta ƙasar Bama a 1924. Ya koya a wurin malaminsa U Ba Khin, ya koma Indiya a 1969 ya fara koyarwa, ya rasu a 2013. Babbar cibiyarsa, Dhamma Giri, tana garin Igatpuri a jihar Maharashtra tun 1976.

Ranar shiga, mutum zai miƙa wayarsa da littafinsa da alƙalaminsa. Maza ɓangare guda, mata ɓangare guda. Zai ɗauki alkawari 5: ba kisa ko na ƙwaro, ba sata, ba saduwa, ba ƙarya, ba kayan maye. Ƙarfe 4 na asuba a kaɗa ƙararrawa, 4 da rabi kowa ya zauna a kan matashinsa, ana yi ana hutawa har 9 na dare, wajen awa 10 ke nan na zama a kullum. Abincin rana ƙarfe 11 ne, babu nama. Da yamma sababbi su sami shayi da 'ya'yan itace, tsofaffin ɗalibai kuwa ba sa cin komai bayan tsakar rana. Kwana 9 cur ba magana da abokin zama, ba ishara, ko haɗa ido ba a yi, sai dai in kana da tambaya ga malami. Ba a biyan ko sisi. Wanda ya gama ya ji ya amfana, shi ke ba da gudummawa don masu zuwa bayansa.

To, me suke yi a zaunen? Kwana 3 na farko, numfashi kawai. Mutum ya sa hankalinsa a ƙofar hanci da ɗan filin da ke saman leɓe, ya ji iska ta shiga, ya ji ta fita. Ba ƙirgawa, ba maimaita wata kalma. A rana ta 4 sai a ce ya bi jikinsa daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa, gaɓa-gaɓa, yana duba abin da ke wurin: zafi ne, ƙaiƙayi ne, tsami ne a gwiwa, zufa ce ke gangarowa a baya. Daga ranar nan kuma sau 3 a yini ana zaman awa guda da niyyar ba za a motsa ba. Ƙaiƙayi ya taso a kumatu, kada ka sosa, kada ka ji haushinsa, ka tsaya ka ga yadda zai yi ƙarfi, ya ragu, ya ɓace. Abin da suke so ɗalibi ya gani da kansa shi ne duk abin da ya taso a jiki ko a zuci sai ya wuce. Suna kiran wannan anicca, wato rashin dawwama.

A nan "zuzzurfan tunani" ya faɗi. Idan Bahaushe ya ce wane ya shiga zuzzurfan tunani, abin da muke gani shi ne mutum ya yi tagumi, ya lula, yana juya maganar bashi ko ta aure, ana kiran sunansa bai ji ba. Wannan shi ne ainihin abin da malamin vipassana ke cewa a bari. Da zarar ka farga zuciya ta lula, ka dawo kan numfashi. Yaya za mu raɗa wa aiki sunan abin da aikin ya zo ya hana?

Tafakkuri ma tunani ne, mai daraja kuwa: duba halittar Allah da ayoyinsa ana ɗaukar izina. Bimbini kuma, wanda 'yan'uwanmu Kiristoci ke faɗa wajen juya ayar Littafi Mai Tsarki a zuciya, shi ma juya magana ne. Dukansu akwai batun da ake taunawa. A zaman mabiya Buddha irin wannan babu batu.

Natsuwa ta fi kusa, kuma ina sonta. Amma rabin aikin ce. Su kansu sun raba abin biyu: samatha, kwantar da zuciya, da vipassana, gani ƙarara. Kwana 3 na numfashi natsuwa ake nema. Sauran kwanakin, da natsuwar aka samu ake duba. Kalmar da ta ɗauki dubawar nan ita ce lura. Mai lura idonsa biyu, yana nan, bai tsoma hannu ba, kuma abu ba ya wuce shi. Muna cewa "ka lura da yadda ya sauya fuska?" Haka ake so mai zaman ya yi da fushinsa da kwaɗayinsa. Don haka aikin kansa, na awa ɗaya ko na minti 20 a gida, zaman lura ne. Fi'ilinsa ma ba wuya: yana zaman lura, ta tashi daga zaman lura.

Saura sunan keɓewar ta kwanaki. "Ja da baya" fassarar ƙamus ce, ta fagen yaƙi, mu wuce ta. "Taro" bai yi ba, tunda ba a tattauna komai. "Keɓewa" gaskiya ce amma fanko ce, ana keɓe marar lafiya, ana keɓe kuɗi.

Akwai masu cewa i'itikafi, saboda kwana 10 da barin gida. A nan na ƙi, da ƙarfi kuwa. I'itikafi hukunci ne na shari'a mai sharuɗɗa sanannu: niyya, masallaci, a mazhabar Malikiyya har da azumi. Ba a cire shi daga masallaci ya tsira da ma'anarsa.

Halwa daban ce. Asalinta Larabci ne, ma'anarta kaɗaita. Sufaye suka mayar da ita sunan tsari: a shiga da izinin shehi, a ƙidaya kwanaki, sau da yawa 40, a rage ci da barci da magana. Har akwai ɗariƙar da ta ci sunanta daga nan, Halwatiyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani ya riƙa kafin ya kafa tasa. A bakinmu kuma kalmar ta riga ta fito waje, domin wanda aka kwana biyu ba a gani ba akan ce masa "ko halwa ka shiga?" Ƙirar abin, wato malami da kwanaki ƙidayayyu da shiru da ƙarancin abinci, halwa ta ɗauke ta gaba ɗaya a gaɓa biyu. Babu wata kalmar Hausa da ta yi haka.

Na san abin da zai dami wasu malamanmu, kuma damuwar tana da tushe. Mai halwar Sufaye zikiri yake yi, kusanci da Allah yake nema. Addinin Buddha bai ginu a kan Mahalicci ba, abin da mai zaman ke nema shi ne kuɓuta daga wahala ta hanyar yanke kwaɗayi. Manufa biyu ne da ba su haɗu ba, kuma bai kamata fassara ta haɗa su ba. Amma Hausa ta daɗe da sanin yadda ake aron irin wannan kalma ba tare da an rikita mai sauraro ba. Muna cewa limamin coci, muna cewa azumin Kiristoci, a labarai ana cewa limaman addinin Buddha, ba wanda ya taɓa ɗauka sallah suke ja. Kalma ta biyu ce ke tsare ta farko. "Lura" ta nuna ba wuridi ake ja a ciki ba. A ambato na farko kuma a cika: halwar lura ta mabiya Buddha.

Ku gwada ta a sauran ƙasashe ku ga yadda take lanƙwasuwa. A Siri Lanka da Bama da Tailan limamansu na zama a gidan ibada guda wata 3 na ruwan sama, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, al'adar da ake kira vassa tun zamanin Buddha, don kada masu yawo su tattake shuka da ƙananan halittu. Halwar damina. A Japan mabiya Zen, wani reshe na addinin Buddha, na yin mako na farkon Disamba suna zama dare da rana har zuwa 8 ga wata, ranar da suke tuna wayewar Buddha. Halwar mako. 'Yan Tibet suna da ta shekara 3 da wata 3 da kwana 3. Halwar shekara uku.

'Yan Tibet ɗin su suka fi maganar abin da Turanci ke kira true nature of mind, a koyarwarsu biyu da ake kira Dzogchen da Mahamudra. Malami zai ce wa ɗalibi: je ka nemo min ita. Daga ina tunanin nan ya fito? Ina ya zauna? Da ya tafi, ina ya nufa? Yana da launi? Yana da siffa? Ɗalibi ya yi kwanaki yana nema, ya dawo bai kamo komai ba, amma kuma sanin da ke neman yana nan tangaran. Wannan, a wurinsu, shi ne amsar: babu abin kamawa, ga kuma sani a sarari. Sukan kwatanta da ruwan da aka ɗebo da laka, in ka daina motsa tulun zai kwanta ya washe da kansa.

Wace kalma za mu sa a nan? Ƙwaƙwalwa tsoka ce, ta likitoci. Hankali shi ke bambance daidai da kuskure, ya yi kaɗan. Ruhi kuwa kuskure ne babba, domin koyarwar anatta ta ce babu wani "ni" tabbatacce da ke zaune a ciki, sa ruhi a bakinsu sa musu maganar da suka musanta ne. Zuciya ce. Kalmar mabiya Buddha ta Pali, harshen tsofaffin littattafansu, wato citta, ta haɗa tunani da so da ƙi wuri guda, haka zuciyar Bahaushe take: na ce a zuciyata, zuciyata ta raya min, zuciya ta ɗebe shi. Muna ma da sunan abin da mai zaman ke kallo, saƙar zuci. Don haka ainihin zuciya, ko haƙiƙanin zuciya ga mai son Larabci.

Ga yadda za su zauna a labari. "A 1994 fursunoni kimanin 1,000 suka shiga halwar lura ta kwana 10 a kurkukun Tihar da ke Delhi, lokacin da jami'ar 'yan sanda Kiran Bedi ke shugabantar gidan." "Malaman Tibet na cewa manufar halwar lura ita ce gane ainihin zuciya." "Likitan ya ba ta shawarar zaman lura na minti 10 kowace safiya." A jimla ta ƙarshen nan halwa ba ta shigo ba, domin matar tana gidanta, ba ta keɓe ba. Duk wanda zai kawo wata kalmar, ya gwada ta a jimlolin nan uku tukuna.