Kamun kifin tirawut a Duwatsun Roki: wane wata ya fi dacewa?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na tashi a bakin Kogin Kwara, fatsa kuwa ba baƙuwata ba ce, amma tun da na dawo birnin Denba na jihar Kolorado a Amurka da zama ban taɓa kama tirawut ko ɗaya ba. A farkon watan Yuni na je Kogin Akansas kusa da garin Salida, na tarar da ruwa ya yi ja, yana gudu da ƙarfin da ba ya barin ƙugiya ta nutse. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini inda na yi kuskure.

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba hannunka ne ya gaza ba, lokacin ne bai dace ba. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu tana narkewa, sai ta cika koguna da ruwa mai laka, kifin kuma ya lafe a gefe da bayan manyan duwatsu. A wannan kogin da ka ambata na fi samun rabo a ƙarshen Afrilu, lokacin da wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suke ƙyanƙyashewa a saman ruwa, har ka ga kifi yana tsalle yana cafke su. Idan kuwa dole sai Yuni, ka nufi Kogin Sawut Filat ƙasa da madatsar Cisman, domin ruwan da madatsa take saki ya fi zama garau. Kada ka manta da lasisi, domin a Kolorado wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 16.

Malama Maman Yusuf:
Ni da maigida tafkunan kan tudu muka fi zuwa, waɗanda suke sama da mita 3,000 daga matakin teku. Mun taɓa yin tafiyar awa uku a ƙafa a tsakiyar Yuni, muka iske tafkin a daskare, gefensa kaɗai ya narke. Da muka koma a Yuli, kifin yana yawo dab da gaɓa cikin yunwa, muka kama shida kafin azahar. Abin da nake ja wa kowa kunne a kai shi ne hadarin rana, domin a Yuli da Agusta tsawa tana sauka bayan azahar, kuma babu mafaka a saman dutse. Mu da asuba muke tashi.

Alhaji na Bozman:
Malama ta yi gaskiya, sai dai a kogunan kwari Agusta ba wata ne mai daɗi ba. Tirawut ba tarwada ba ne. Ruwan sanyi yake so, kuma da zarar zafin ruwan ya wuce digiri 20 a ma'aunin Salshiyas iskar da yake shaƙa tana raguwa, ko ka sake shi yana iya mutuwa. A nan Montana, idan ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma takan hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Na taɓa mayar da wani babba cikin ruwa mai ɗumi, na ga ya kife cikinsa sama, abin ya daɗe yana damuna. Tun daga ranar nake ɗaukar ma'aunin zafi a aljihu. Satumba ce zaɓina, amma a Oktoba ka kiyaye taka tsakuwar da ta yi fes a ƙasan ruwa, domin a nan tirawut mai ruwan ƙasa yake zuba ƙwai.

Ɗan Yawuri:
Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Sadiya, idan kana da hali a makon biyu na Yuli, ina son in bi ka.