Baba mai na'urar bugun zuciya ya fara jiri yana suma

Jama'a dan Allah a taimaka min. Shekara 8 kenan da aka sa wa Baba na'urar daidaita bugun zuciya a ƙasan ƙashin wuyansa na hagu, lafiya lau sai kwanan nan ya fara jiri, shekaranjiya yana alwala kawai ya zube, buta can hula can, ya farfaɗo bai ma san ya faɗi ba. Na ƙirga bugun a hannunsa 42 a minti ɗaya, alhali an ce mana a 60 aka saita ta. Asibitin garinmu sun ce ba su da injin duba ta, kuma katin da ke ɗauke da bayanan na'urar ya ɓace (laifina ne wallahi). Batir ne ya yi sanyi ko wayar ciki da ta haɗa na'urar da zuciya ce ta goce? Ina ake dubawa a Kano ba tare da katin ba?