Daga Gadar Kaduna Zuwa Bakin Teku

Ɗan Kabala:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan ruwan la'asar na tsaya a kan gada, abin da na gani ya hana ni barci. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah zan fara, Sarki ɗaya,
Da ya raba ruwan daɗi da na gishiri a duniya.

Na tsaya a kan gada da ruwa ya ɗauke,
Kogin Kaduna ya cika, ya kawo iya wuya.

Ba kara ya ɗauko ba, ba reshen gamji ba,
Ledar fiyawata ce ke jere a tsakiya.

Robar lemo, silifas, tsohon buhun siminti,
Na Kabala da na Kakuri sun haɗu a tafiya.

Na ce da ruwa, ina za ka da kayan nan?
Ya ce Shiroro da Zungeru suna kan hanya.

A Muregi in faɗa Kwara, mu gangara Lokoja,
Mu ɗauki Binuwai, sai teku gaba ɗaya.

Mai Shayi na Kawo:
Malam, a yi mini afuwa, ni dai ban gamsu ba.

Waƙarka ta yi daɗi, Malam Ɗan Kabala,
Sai dai mu 'yan tudu, ina ruwanmu da teku?

Ban taɓa ganin sa ba sai a hoton waya,
Yara biyar a gida, girki ba ya kai sau uku.

Manyan jirage na ƙetare ke kwashe kifi,
Masu haƙar mai suka ɓata ruwa, can za ku kai ƙararku.

Ledar da na ƙulla wa yaro burodi a ciki,
Shiroro zai tare ta, a wannan ba ni shakku.

Hajiya Mai Kifi:
Ɗana Mai Shayi, matso in tambaye ka.

Ka ce ba ka san teku ba, ɗana,
Wa ke sayen titus ran Juma'a a shagona?

Titus da kote ba 'ya'yan kogin nan ba ne,
'Yan ruwan gishiri ne ke kwana a firijina.

Jirgi ya sauke a Apapa, tirela ta ɗauko,
Cikin ƙanƙara, katan-katan, har Kaduna.

Da shi na yi jari, da shi na rufa asiri,
Teku ne ya biya kuɗin makarantar 'ya'yana.

Ran da ya ƙare can, tukunyarka za ta fara ji,
Kafin rediyo ya faɗa, ka ji shi a bakina.

Malama 'Yar Malali:
Gaskiyarki Hajiya, kifin teku yana ƙarewa. A 1992 Kanada ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan saboda an kwashe shi ƙarƙaf, dubban masunta suka wayi gari ba sana'a. Yaya Mai Shayi, ga tawa.

Yaya, damina fa, daga ina take zuwa?
Rana ke dafa teku, tururi ya yi ta tasowa.

Iskar kudu maso yamma ta goyo shi har nan,
Ko da ta gabas muke ganin hadari na haɗuwa.

Masarar Saminaka, cittar Kachia da Kafanchan,
Ruwan Atilantika suka sha kafin ƙosawa.

Ledarka kuwa, dam na tare wata, ba musu,
Rana ta gasa ta, ta farfashe, ba ta ruɓewa.

Ɓurɓushin ya bi ruwa ta ƙofar dam ya wuce,
Ƙaramin kifi ya ci, babba ya zo haɗiyewa.

Akwai kunkurun teku mai baya kamar kirgi,
Yashin Gabon yake hawa da dare, ƙwai sakawa.

Abincinsa wata halitta mai yauƙi mai shawagi,
Ita da leda a ruwa ba ya iya rarrabewa.

Ya haɗiye, hanji ya toshe, ga ciki a cike,
Ga yunwa na cin sa a hankali har mutuwa.

Jikan Sarkin Ruwa:
Ku bar ni in dawo da zancen gida. Asalina Yawuri, gidan masunta, yanzu ina Rigasa. Ba sai mun je Gabon ba. Akwai wadda muke kashewa daga nan cikin gari, da kuɗin aljihunmu, ita ce ayu.

Ayu ba kifi ba ce, da nono take shayarwa,
Ta leƙo ta shaƙi iska, ta koma abinta.

Ciyawar ruwa take kiwo kamar nagge a fadama,
Ba ƙaho, ba cizo, ba wanda ta taɓa cuta.

Daga Sanagal har Angola take bin gaɓar teku,
Ta hauro Kwara da Binuwai, nan ma gidanta.

Kusan shekara cur take rainon ciki,
Ɗa ɗaya tal, ya daɗe yana manne da gefenta.

Kakana ya ce a da, in ruwa ya yi ambaliya,
Da dare daga kwalekwale ana jin numfashinta.

Ni a bakin kogin nan na yi wayo, na yi su,
Wallahi ko sau ɗaya ido bai taɓa ganin ta.

Taru ya sarƙe ta, mashi ya same ta,
Dam ya datse hanya, ya raba ta da danginta.

'Yan uwana mata, da mu mazan da ke miƙa kuɗin,
Kwalbar man ayu, mu tambayi asalinta.

In ta gaske ce, an bar maraya a cikin ruwa,
Yana zagaye gurbi yana neman nononta.

In jabu ce, an ci kuɗinki, suna ya yi kasuwa,
Gobe wani ya wasa mashi ya fita farautarta.

Tun 2013 CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta sa ayun Afirka cikin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Amma ku buɗe WhatsApp yau, za ku ga ana tallar man nan cikin kayan mata, ba ɓoyo.

Hajiya Mai Kifi:
Innalillahi. Ɗana, ka sa ni hawaye.

Da hannuna na sa shi a kayan auren 'yata,
Ban san uwa ce mai shayarwa ba irina.

Autata na nan tafe bayan Sallah,
Kwalbar nan ba za ta sake shiga ba gidana.

Mai Shayi na Kawo:
Na ji Hajiya, na ji Malama. Maganar ayu ta shige ni. Amma batun manya ban janye ba. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyara ɓarnar mai a ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Ashe hukuma in ta so tana iyawa.

Na karɓi nawa laifin, ban yi gardama ba,
Kwatar bayan teburina ashe tana da hanya teku.

Ran Asabar da hantsi zan fito da shebur,
Ɗan Kabala, ka zo da buhu, ku taho da yaranku.

Abin da muka kwashe kada a bar shi bakin titi,
Ruwan dare ɗaya zai mai da shi ƙofarku.

Saura burodin yara, a me zan riƙa ƙulla shi?
Malama, ki ba ni amsa, ina jiran baitinku.