Fina-finan matasa masu fama da rayuwa: yabon masu sharhi ya isa ma'auni?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman fim na masu shirya fim da kansu, ba na manyan kamfanoni ba, wanda ya taɓo matasan da rayuwa ta matse. Wanda ya haura kashi 90 a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin fina-finai, in ɗauka kawai?

Malam Habu: Wa alaikumussalam. A'a, Zainab. Wannan adadin ba maki ba ne, yawan masu sharhin da suka ce fim ɗin ya yi ne. Wanda ya ce ba laifi da wanda ya ce babu kamarsa, ƙuri'arsu ɗaya. Metacritic, wani shafin tattara sharhi, ta fi, don tana haɗa makin kowa ta fitar da matsakaici. Amma ki karanta sharhi biyu, na mai yabo da na mai suka. Ki fara da Rosetta, na 1999, na Dardenne 'yan'uwan nan biyu daga Beljiyam, wanda ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Yarinya ce da ke zaune a gidan da ake ja da mota, ita da uwarta mashayiya, ba ta da burin da ya wuce aikin yi. Kyamara a hannu take, tana bin ta a ƙeya, ba kiɗa a bayan fage. Abin da masu sharhi suka yaba ke nan, shi ne kuma ke sa wasu jiri.

Hauwa: Ki ƙara da Fish Tank, na Andrea Arnold, 2009, ya ci kyautar alƙalai a Cannes. Jarumar fim ɗin, Katie Jarvis, ba ta taɓa wasa ba kafin nan, kuma an ɗauki fim ɗin bi da bi, ana ba 'yan wasa labarin kaɗan-kaɗan, don haka ba su san abin da ke gaba ba. Hoton ma an matse shi, 4:3, sai ki ji gidan ya yi mata kaɗan. Ba na kallo da yara ba ne.

Nura: Ba wanda zai ambaci Capernaum?

Malam Habu: Shi ne ya raba kan masu sharhi, Nura. Fim ɗin Nadine Labaki ne, daga Lebanon, 2018. Babu mai musun wasan Zain Al Rafeea, yaron da ya ja fim ɗin, ɗan gudun hijira daga Siriya. Ku dubi inda yake jan jariri a cikin tukunya a titin Beirut, fuskar nan ba koyarwa ba ce. Suka ta zo ne kan shari'ar da yaron ya kai iyayensa don sun haife shi, da kiɗan da ke matsa wa mai kallo ya yi kuka. Ni ina ganin sukar tana da tushe: wahalar ta isa da kanta.

Hauwa: Malam, a nan na saɓa maka. Kotun ce ta ba yaron baki, in ba ita ba sai dai mu yi ta kallonsa yana shan wuya.

Nura: Idan kina son mai ɗan sauƙi, Short Term 12, na 2013, a gidan kula da matasa a Amurka. Ya ci kyautar alƙalai da ta 'yan kallo a bikin fina-finai na SXSW a Amurka.

Zainab: Na gode. Da wanne zan rufe?

Malam Habu: Sweet Sixteen na Ken Loach, 2002. Ki nemi mai rubutun fassara a ƙasa, karin harshen Sikotlan ɗin nan ko mutanen Ingila wuya yake ba su.