Sharhin indie folk: ya ake yi kar duk ya zama iri ɗaya?

Mai_Jita: Salam jama'a. Na kusa shekara ina rubuta sharhi kan albam-albam na indie folk (salon kiɗa mai sanyi da jita na mawaƙa masu zaman kansu), ba mai biyana, sha'awa ce kawai. Jiya na jera guda shida da na rubuta ina karantawa, wlh abu ɗaya nake ta nanatawa, murya mai sanyi, jita mai ratsa zuciya, in ka cire sunan mawaƙi ba ka gane wanne ne wanne. Ku ya kuke yi ne?

Kunnen_Bawa: Ɗan'uwa ai kai yadda ka ji a ranka kake rubutawa, ba abin da kunnenka ya ji ba. Sa iyafis ka saurara sau uku kafin ka taɓa biro. Ɗauki albam ɗin farko na Iron & Wine (sunan waƙa na mawaƙi Sam Beam), wanda kamfanin kiɗa na Sub Pop ya fitar a 2002, a gida Sam Beam ya naɗe shi da ƙaramar na'urar naɗar sauti mai layi huɗu, shi ya sa akwai wani shuuu a ƙasan kiɗan kuma muryar kamar yana maka raɗa don kar ya tashi mai barci. To wannan za ka faɗa mana, har ƙarar yatsa in ta goga kan tsirkiya.

Hajjo: Gaskiya ne malam, amma ni abin da ya fi ƙona min rai labari ne. Albam ɗin farko na Bon Iver, kowa sai ya ce mawaƙin, Justin Vernon, ya keɓe kansa a bukkar babansa a Wisconsin lokacin hunturu, ya fitar da shi da kansa a 2007 kafin kamfanin kiɗa na Jagjaguwar ya sake fitarwa a 2008, shikenan sharhi ya ƙare a bukka, ba mai maganar yadda ya ɗora siririyar muryarsa a kan kanta ninki-ninki har ta zama kamar taron mutane alhali shi kaɗai ne.

Mai_Jita: Hajiya kin kama ni, nima da bukkar na fara nawa 😅 To ƙananan mawaƙan da ke turo min nasu ta shafin kiɗa na Bandcamp fa? Nauyinsu nake ji, sai in yabe su kawai.

Kunnen_Bawa: Nan ma kake jawo wa kanka. In waƙa ta bakwai jan lokaci ce ka ce jan lokaci ce, ka faɗi dalili. In kuma ba ka son albam ɗin gaba ɗaya kawai ka yi shiru, ba dole.