Zan ba da RAV4 2008 in yi ciko: but ɗin sabuwar ya fi girma ko ido ne kawai?

Baban Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa loda kaya da hannunsa.

Shekara tara ke nan ina hawan Toyota RAV4 ƙirar 2008, 'yar Amurka, mai silinda huɗu, irin mai safaya taya rataye a ƙofar baya. Ta yi mini hidima, sai dai tsufa ya cim mata: fenti ya koɗe, kujerar direba ta lotsa, wata biyu ba ya wucewa ban gaisa da bakanike ba. Wani dila a nan Kano ya yarda ya karɓe ta in yi ciko. Biyu ya nuna mini, RAV4 ta 2019 da Honda CR-V ta 2017.

Ni ba gudu ko ƙyalli ne damuwata ba, but ne, wato wurin zuba kaya na baya. Duk ƙarshen wata ina zuwa Haɗeja in ɗauko Hajiya mahaifiyata ganin likita, kuma tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki ba ta zuwa ko'ina sai da kekenta. A motata ta yanzu, in na ninke keken sai in tsayar da shi a jikin bayan kujera, in jera buhu biyu na shinkafa a ƙasa, jakar Hajiya a kai, jarkar man gyaɗa a lungu. Kwalin busasshen kifi kuwa yana shiga ramin nan na ƙarƙashin daɓen but, don kada warinsa ya kama tufafi (duk da haka sai an kwana uku uwargida tana turara motar).

Da na leƙa but ɗin ta 2019 sai na ga kamar ya fi nawa ƙanƙanta. Dila ya rantse ya fi girma, wai takarda ce ta faɗa. Na duba a waya sai kaina ya ƙara ɗaurewa: wani wuri an rubuta lita 580, wani wuri 37.6 da wani ma'auni na Amurkawa, da na juya shi zuwa lita sai ya haura dubu. Mota ɗaya, awo biyu, ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Wanne zan kama? Kuma tsakanin motocin biyu wacce za ta ɗauke mini abin da tsohuwata ke ɗauka?

Ɗan Gwammaja

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri.

Duka lambobin biyu gaskiya ne, hanyar awon ce ta bambanta. Amurkawa suna auna but da kubik fit, wato cikin akwati mai ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare, kimanin lita 28.3, kuma suna ƙirgawa tun daga daɓe har rufin mota. Turawan Turai kuwa wasu 'yan tubala suke jerawa, kowanne lita ɗaya, su tsaya daidai saman kujera inda labulen rufe kaya yake. Shi ya sa ta 2019 take lita 580 a takardar Turai, take 37.6 a ta Amurka, wanda ya kama wajen lita 1,060. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su ɗauko lambar wannan mota daga Turai, ta waccan daga Amurka, su haɗa su kokawa.

To bari mu tsaya a awon Amurka, tunda duka ukun daga can suke. Taka ta 2008 tana da 36.4 in kujerun baya na tsaye, 73 in an kwantar da su. Ta 2019 tana da 37.6 a tsaye, 69.8 a kwance. Ka ga dila bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Ƙarin da yake rantsuwa a kai bai wuce lita talatin da 'yan kai ba, jarka ɗaya da ɗan ragowa. In kuwa aka kwantar da kujeru, tsohuwarka ce ke gaba da wajen lita casa'in. CR-V ta 2017 ita ce babba a takarda, 39.2 a tsaye da 75.8 a kwance.

Akwai kuma ta tsakiya da bai nuna maka ba, RAV4 ta 2013 zuwa 2018, mai 38.4 da 73.4. Ta fi ta 2019 fili, kuma cikon da za ka yi zai fi sauƙi. In ya nuna maka Mazda CX-5 kada kyanta ya ja ka, ta 2017 ba ta kai 31 ba.

Amma idonka ma bai yi ƙarya ba. Motocin da suka fito daga baya an karkata gilashinsu na baya saboda iska da ado, ita kuwa ta 2008 bayanta kusan a miƙe yake kamar na akwati. Ruwa ne zai cika lita dubu ɗin nan, ruwa yana bin kowane lungu. Keken Hajiya ba ya lanƙwasa. Inda fili ya ƙaru a ƙasa ya ragu a sama, hannun keke zai iya tokare gilashi ƙofa ta ƙi rufuwa, takarda kuma tana nan tana cewa ta fi girma.

Maman Hanif

Sannu Baban Ummi, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Ni lissafin lita ban iya ba, amma akwai abin da ba wanda ya gaya mini kafin in sauya mota, sai hanya ce ta koya mini.

Ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina kaiwa Azare. Tsohuwar motata irin taka ce, taya a bayan ƙofa. Wadda na koma, kamar duk na yanzu, safayarta tana kwance a ƙarƙashin daɓen but. Wata Alhamis bayan la'asar, mun wuce Wudil da kaɗan, tayar baya ta yi faci. But cike yake maƙil: dila uku na atamfa, kuloli biyu na wata amarya, akwatina, da katan ɗin ruwa. Kafin yaron da ke tuƙa ni ya kai ga safaya sai da muka sauke komai a bakin titi, muka shimfiɗa sallaya muka ɗora leshin a kai don kada ya sha ƙura. Masu wucewa suna rage gudu suna leƙe, har wata mata ta sauke gilashi tana tambayata nawa turmi.

Da aka ciro safayar sai ga wata 'yar siririya kamar ta babur, an manna mata takarda cewa kada a wuce gudun kilomita 80. Ba a nan ta tsaya ba. Babbar tayar da aka cire ta ƙi zama a ramin yadda murfi zai rufe, dole aka sa ta cikin but, ita da ƙurarta, dila ɗaya ya koma kan cinyata har muka samu mai faci. Yanzu ka ƙaddara Hajiya tana cikin mota, rana tana dukanta, kana sauke buhun shinkafa kai kaɗai.

Ban ce kada ka saya ba. Ƙofar da ke ɗagawa sama ta fi mini daɗi nesa ba kusa ba: a Kwari, inda ake manna maka mota a baya, da sai na roƙi a matsa mini kafin in buɗe ta tsohuwar, mai buɗewa ta gefe, yanzu ɗan fili kaɗan ya isa, kuma in ana ruwa ƙofar ce laimata. Sai dai ka ɗaga daɓen ka ga wace irin safaya ce a ciki kafin ka biya, wasu ma da ramin kawai suke zuwa. Ramin kifinka kuma ka yi bankwana da shi, gidan taya ne yanzu.

Oga Bakanike

Alhaji barka da war haka. Kowa yana maganar fili, ni nauyi zan yi wa magana, don ni ake kawo wa su in sun durƙushe.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda a manne a duk motar da ta fito daga Amurka. Tana faɗin iskar taya, tana kuma faɗin iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A CR-V kilo 385 ne. RAV4 ma ba ta yi nisa da haka ba, ka karanta da idonka. Yanzu yi lissafi: kai, madam, Hajiya da yara biyu, a ce kilo 280. Saura 105. Buhu biyu na shinkafa kilo 100. Ba a sa keke ba, ba a sa jarka ba, ba a sa jaka ba, an riga an cinye.

Wato but ɗin zai karɓi buhu biyar ma in ka tura, amma ƙafar motar ba ta yarda ba. Shi ya sa za ka ga mota ta dawo daga ƙauye hancinta a sama, gindinta yana shafar ƙasa, da dare fitilarta tana haska saman bishiya. Wata uku sai shokazoba ta fara zubar da mai, tayar baya ta cinye ta ciki, a zo ana cewa ba a yin mota mai ƙarko yanzu. Masu ɗora kariya a sama ma su sani, abin da ke kan rufi cikin kilo 385 ɗin nan yake, ba ƙari ba ne.

In da gaske kowane wata haka kake lodi, ni Toyota Sienna zan ce ka duba. Ka kwantar da layin kujeru na uku cikin daɓe, keke ya shiga a tsaye ba gardama, ƙofar gefe kuma ja ake yi, shigar da Hajiya zai fi sauƙi. Na san za ka ce ta yi kama da motar haya, kuma injinta V6, mai silinda shida, yana shan mai. Haka ne.

Na Maraɗi

Gaisuwa ga kowa. Ƙari ɗaya, saboda masu karantawa daga wajenmu. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 iri biyu ce. Wadda aka kai Amurka doguwa ce, har akwai mai layin kujeru uku, shi ya sa take da wancan ramin a ƙasa. Wadda aka sayar a Turai gajera ce, kuma ita ta fi shigo mana ta Kwatano. Mai gajerar in ya koma ta 2019 zai ga kamar ya shiga ɗaki. Baban Ummi kuwa doguwar yake hawa, ita ce ta saba masa da yalwa, shi ya sa sabuwar ba ta burge shi ba. Don haka in wani ya ce maka shi da ya sauya fili ya ƙaru sosai, tambaye shi tsohuwarsa 'yar ina ce.

Kuma duka biyun da aka nuna maka ana iya sauke daɓen but ɗinsu zuwa mataki na ƙasa. Dilolin da yawa ba su ma san da haka ba.

Baban Ummi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Hanif, uwargida ta karanta labarinki ta yi dariya har da hawaye, ta ce a tambaye ki ko kin sayar wa matar da turmin.

Jiya Asabar na koma wajen dilan da keken Hajiya a but, da tef ɗin awo da na aro wajen telan unguwarmu, da buhu biyu da na cika da tsummokara da ɓawon gyaɗa don su yi girman na shinkafa. Da ya ga ina fito da su sai ya ce, "Alhaji, ƙaura za ka yi cikin motar?" Na ce gwaji ne, ai ko takalmi sai an sa a ƙafa.

Na Maraɗi ya yi gaskiya, yaransa ba su san daɓen yana sauka ba, ni na nuna musu. A ta 2019, da na tsayar da keken yadda na saba, ƙofa ta zo rufuwa sai hannunsa ya daki gilashi, kamar yadda Ɗan Gwammaja ya faɗa. Sai da na cire matakan ƙafa na karkata shi sannan ta rufu, buhu ɗaya kuma dole ya hau kan ɗaya. A CR-V, da daɓe a ƙasa, ya tsaya a jikin kujera bayan na cire matakan, buhunan biyu suka kwanta gefe da gefe, har da wurin jarka. Bakin but ɗinta ma ya yi ƙasa, ba sai na ɗaga keken sosai ba, kuma mai ciwon baya ya san darajar wannan. Safaya a duka biyun siririyar ce.

Oga, na karanta takardar ginshiƙin, 385 ɗin ne, jikina ya yi sanyi. Sienna dai uwargida ta ce ba da ita ba, ba za ta iya juya ta a lungunmu ba. Abin da na yanke shi ne shinkafa ta riƙa biyo motar haya daga Haɗeja in ɗauka a tasha.

Ban biya ba tukuna. CR-V ɗin da ke wajensa mai ƙaramin inji 1.5 ce mai turbo, giyarta kuma CVT, wata irin otomatik marar matakan giya, ni kuwa ban taɓa riƙe irinta ba. Dilan ya ce zai nemo mini RAV4 ta 2017 zuwa Laraba in gwada keken a ciki. Oga Bakanike, kafin nan, me ka gani game da giyar nan a hanyoyinmu, kuma ana samun man ta na asali a Kano?